Fetur a Ramin Amarya

Ina durƙushe a bakin ramin duhan, ina kwashe tokar jiya da murfin gwangwani, na ji ƙarar rakshar Baba, wato kekensa mai ƙafa uku na haya, ta karyo kwanar lungunmu. Hantsi ne na wata Asabar cikin goman ƙarshe na azumi. Baba ya fita tun bayan sallar asuba ya kama layin mai, kuma a iya sanina da shi ba abin da ke fitar da shi daga layi kafin a zuba masa. Ya taɓa yini a layi da zazzaɓi yana rawar ɗari. Ya taɓa aikawa da gaisuwar mutuwa daga layi. Ranar nan sai ga shi ya turo ƙofa da goshin raksha, ya kashe ta, ya ja sakata, ya tsaya yana binmu da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na ji abin da ya koro shi, wani dum, dum daga kudu, irin wanda tafin ƙafa ke ji kafin kunne.

"Ku shige ɗaki," ya ce. "Masu kaki ne ke faɗa da junansu."

Yumma ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Man fa? An zuba maka?"

"Ke, ana harbi kina tambayar mai?"

"To in an gama harbin me za mu ci?"

Jidda, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake yanzu ba ki san komai ba sai nono da jan gashina. Wata rana za ki kama hannuna na dama ki tambaye ni me ya sa tafin ya tattare kamar ganda, me ya sa yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Kafin in buɗe baki dangi za su riga ni, don labarin ya zama abin raha a gidan suna da gidan biki. Amaryar fetur suke kirana. Suna ba da shi suna dariya, wai ko gezau ban yi ba. Ba gaskiya ba ne. Na ji tsoron da har yau bai gama fita daga jikina ba. Amma na yi abin da na yi, ban kuma taɓa nadama ba, kuma ina so ki ji shi daga wurina yadda ya faru.

Mu biyar ne a gidanmu na Alsahafa, a kudancin Hartum: Baba, da Yumma, wato uwata, haka muke kiran uwa a can, da ni, da ƙanwata Zahra, sai Habboba Kulu, mahaifiyar Baba, wadda kika ci sunanta. Iyayen Habboba da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin mutane, suka zauna a kambo, irin unguwannin bukkoki da ake yi wa 'yan ƙwadago a bayan gari. A can aka haife ta, a can ta haifi Baba. Shi ne ya fito da ita zuwa birni, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Shekara guda kafin yaƙin ta zame a bakin randa ta karya ƙugu, daga nan ba ta sake takawa ba. Bakinta dai bai karye ba. Daga kan gadonta take mulkin gidan. Ni kuwa na gama sakandare, an sa ranar aurena da babanki Usman bayan Salla. Yana can ƙetaren kogi a Dar Salam ta Umdurman, yana sayar da agashe a kasuwa. Saboda aurena aka haƙa ramin duhan a bayan madafa. Duhan al'adar matan Sudan ce da mu ma muka ɗauka. Ana zuba garwashi da itacen ɗalha mai ƙamshi a rami, a shimfiɗa tabarma mai huda a tsakiya, mace ta tuɓe ta zauna a kai ta lulluɓa da shamla, wani bargo mai kauri, hayaƙi ya yi ta ratsa jikinta. Matan aure da amare ne ke yi. Namiji ba ya zuwa wajen. Ko maigida, in ya ji ƙamshin, gyaran murya yake yi ya koma waje.

Sai na gaya miki labarin jarkokin nan biyu, don su ne tushen komai. Na taso ina ganin layi: layin burodi, layin gas, layin mai. Manya suna cewa tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da rijiyoyi abin bai sake daidaita ba. Daga baya gwamnati ta janye hannunta daga farashin mai, aka ce sharaɗin masu ba da bashi na waje ne. Sannan yaƙi ya tashi can ƙasashen masu alkama, mu da ba mu san ko ina suke ba, burodinmu ya ƙanƙance. Baba mutum ne mai sauraren rediyo, duk waɗannan shi yake fassara mana a kan tabarmar shan ruwa.

"Man nan ta ƙarƙashin ƙafarmu yake wucewa a bututu," yakan ce. "Ya tafi bakin teku ya hau jirgi, mu muna nan muna gadin famfo."

Saboda haka ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk ranar da aka cika masa tanki, kafin ya fita aiki sai ya zura tiyo ya zuƙo kamar kwalba guda ya juye a jarka, ya ajiye a ɗakin shirgi. Yana ce masa na ranar da ba a sani ba. Ba abin da ya fi haɗa shi faɗa da Yumma kamar wannan. Tana tsoron gobara, kuma tana ganin man da ya kamata ya zama cefane ne ake kullewa.

"Wata rana za ka tashe mu sama, mu da kajinmu," in ji ta.

"In kin tashi sama ki gaishe mini da gwamnati, na ji a can take zaune."

Da farko Baba ya ce abin ba zai wuce kwana biyu ba, manya ne, za su sasanta. Bai wuce ba. Lantarki ya ɗauke, da ya ɗauke famfo ya ƙafe, don injin da ke turo ruwa da wuta yake aiki. Tukunyar gas ta ƙare muka koma gawayi. An rufe gadoji, wayar Usman ba ta shiga. Harsasai suna faɗowa a kan kwanon rufi kamar tsakuwa. Maƙwabta suka fara fita da ƙafa, da ƙunshi a ka, suna neman inda motocin Madani, babban birnin Jazira, ke tsayawa, can da nisa bayan unguwanni. Mu ba mu da wannan hanya. Habboba ba ta goyuwa, in aka taɓa ƙugunta ihu take yi. Ta ce a tafi a bar ta da randa da carbi, Baba ya ce duk wanda ya sake wannan magana a gidansa bai yafe ba, ko da ita ce. Kowa ya gane lissafin ba tare da an faɗa ba. Raksha ce kaɗai za ta fitar da Habboba, man jarka ne kaɗai zai tuƙa raksha, don tankinta a bushe ta dawo daga layi. In man ya tafi, Baba ba zai tafi ba, in bai tafi ba, ba wanda zai tafi. Jira muke harbin titinmu ya lafa.

Sai labari ya zo cewa masu bindiga sun fara shiga gidaje a layin bayanmu. Mota suke nema, da mai, da wayoyi. Akwai kuma abin da mata ke faɗa wa juna ƙasa-ƙasa su yi shiru in mun matso, ni da Zahra. Baba ya cire wa raksha ƙafa ɗaya da batir ya ɓoye a ƙarƙashin gawayi, ya ɗora ta a kan bulo, ya watsa mata ƙasa, ya zuba wa kaji tsaba a kan kujera don su ɓata ta. In kin gan ta sai ki rantse ta shekara a mace. Jarkoki ne suka gagara. Ɗakin shirgi za a fara dubawa, ƙarƙashin gado kuma kowa ya san shi. Yumma, wadda ta fi kowa ƙin man nan, ita ta samo wurin.

"A ramin amarya," ta ce. "Ina so in ga ɗan da uwa ta haifa da zai ɗaga mace daga kan duhan."

Bayan sallar asuba muka faɗaɗa ramin, ni da ita, muka zura jarkokin a tsaye, muka rufe da katako da yashi kaɗan, muka mayar da tabarma. Amma zafin Hartum ba ya rufa asiri. Da rana ta take, duk wanda ya zagayo bayan madafa zai ji wari. Dole sai da hayaƙi, na gaske, mai kauri. Muka yi shiri: in an buga ƙofa, Yumma za ta ɗebi garwashi a kaskon turare, ta zauna a kan ramin ta lulluɓa, kaskon a hannunta, ba a cikin rami ba. Ni da Zahra mu shige ƙarƙashin gadon Habboba a saki zanin gado. Na ce mata malamin kimiyya ya koya mana ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururi ba ya jiran a taɓa shi.

"Malamin naki yana da wani wurin da ya fi?" ta ce. "To ki yi shiru."

Ranar da suka zo, Baba ya fita da maza 'yan uwansa neman ruwa a wata rijiyar masallaci. La'asar ta gabato, Yumma ta ɗora kunu a kan gawayi. Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin bugun mai kaya a kafaɗa. Ta ɗauka shi ne. Ta tafi da sauri ta zare sakata.

Daga tagar ɗakin Habboba na gan su. Su biyu ne, babba mai gemu da wani matashi, rawani ya rufe musu rabin fuska. Gidanmu irin na can ne, ƙofa tana buɗewa a farfajiyar maza, sai katanga, sai ɓangaren mata. Suka tsaya a kan raksha, babban yana dukan tankin da bakin bindiga yana saurare. Yumma tana tsaye a gabansu, ba ta da hanyar juyawa. Na tura Zahra ƙarƙashin gado. Na sa gwiwa ɗaya a ƙasa zan bi ta, sai iska ta kaɗo ta taga, na ji warin fetur ƙarara. Na dubi Habboba, ta dube ni. Ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Can sai ta sake ni.

"Ki sauke rigar daga kafaɗa," ta ce a hankali. "Ba mai shiga duhan da wuyan riga."

Na bi ta ƙofar baya a sunkuye. Na ɗebi garwashi daga ƙarƙashin tukunyar kunu da cokali, na zuba a kasko, na jefa gutsuren ɗalha. Tsumman da muka jiƙa muka ajiye don riƙe kaskon ya bushe ya faɗa wani wuri, ban tsaya nema ba. Na zauna a kan hudar tabarma na toshe ta da jikina, na ja shamla har wuya, na miƙa hannuna na dama gaba iya tsawonsa a ƙarƙashin bargon, kaskon a tafina. Hayaƙi ya fara fita ta gefen wuyana. A ƙarƙashina ina jin katakon, a ƙarƙashin katakon ina jin abin da ke ciki kamar yana numfashi.

Da Larabci suke magana, kuma kowace kalma tana isowa ta kan katanga.

"Ya hajja, mai raksha ba ya rasa mai. Ina yake?" in ji babban.

"Ga ta nan a gabanka, ka tambaye ta. In ta tashi ka hau ka tafi da ita, ka hutar da ni da kashin kaji."

Na ji sun shiga ɗakin shirgi, suna ta jefar da kaya. Na ji sun buɗe madafa. Kaskon ya fara ɗumi, daga ɗumi ya koma wani abu dabam. Na tuna ba zan iya sauya hannu ba, don in na motsa garwashi zai iya zubowa. Ba zan iya ajiye shi a ƙasa ba, ƙasa ce ke da tururin.

"Bayan nan fa?"

"Amarya ce a kan rami," in ji Yumma. "Shiga mana, in a garinku ana shiga."

"Duhan da rana tsaka, cikin azumi?"

"Ba ta salla. Ko shi ma sai na nuna maka?"

Matashin ne ya zagayo. Ban ɗaga kai ba, ƙafafunsa kawai na gani, da silifa irin ta wanka a ƙarƙashin wandon kaki. Ya tsaya kusa, kusan in ya miƙa hannu zai taɓa shamlar. Na san abin da mata ke faɗa ƙasa-ƙasa. Na san a ƙarƙashin shamlar kafaɗuna a buɗe suke. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, ayoyi suna shiga cikin juna, hawaye suna zuba, na bar su don ya ɗauka hayaƙi ne. A lokacin na fara jin ƙaurin fatata a cikin ƙamshin ɗalha.

"Mabruk, amarya," ya ce, wato barka. "Ina angon? Ya gudu ya bar ki?"

Sai na ji ƙarar takardar kwalin taba. Na ɗaga ido kaɗan. Ya sa kara a baki, yana lalube aljihu yana neman abin kunnawa. Bai samu a na farko ba, ya koma na biyu. Jidda, a nan ne na san cewa mutum yana iya mutuwa a zaune da ransa. In ya ƙyasta a inda yake tsaye, ko in ya ce in ba shi wuta daga ramin, shi ke nan, da mu da shi.

Ban san lokacin da ta sauko daga gado ba. Habboba, wadda shekara guda ba ta taka ba, ta jawo jikinta da gwiwar hannu har bakin ƙofar ɗaki, kanta ba ɗankwali, furfura a waje. Ta buɗe murya irin wadda take kiran mutane da ita daga wancan gefen gonar auduga, rabi Larabci rabi Hausa.

"Kai! Wa ta haife ka? Faɗa mini sunanta in je in tambaye ta ko ita ta koya maka tsayawa a kan mace tana duhan! Taba a bakinka, cikin goman ƙarshe, a gaban sa'ar kakarka? Zo nan ka harbe ni, ga ni a ƙasa, na rage maka aiki. Zo mana, ɗan marar kunya!"

Yaron ya cire tabar daga bakinsa kamar ta ƙone shi. Daga bayan katanga babban ya daka masa tsawa.

"Fito daga wajen matan mutane! Mai muka zo nema ko abin kunya?"

Silifar ta juya. Suka ɗauki wayar Yumma, da buhun sukarin biki, da tukunyar gas. Yumma ta ce musu fanko ce, suka ce ƙarya take yi, suka saɓa ta a kafaɗa suka fita.

Ban tashi ba. Na ji an ja sakata, na ji gudun Yumma, amma jikina ya ƙi. Ta ɗaga gefen shamla a hankali, ta ga hannuna, ta ce in saki kaskon. Yatsuna suka ƙi buɗewa. Sai da ta naɗe hannunta da gefen zani ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta tafi da kaskon can ƙarshen gida tana tafiya kamar mai ɗauke da jariri, ta juye masa ruwan da muka tanada na buɗe-baki. Sannan ta dawo ta durƙusa a gabana. Ni ce 'yar fari, kuma kin san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo, ke take ce mini, ko 'yar nan, ko wance. Ranar ta kama fuskata da hannu biyu.

"Nafisa," ta ce. "Nafisa. Nafisa."

Da Baba ya dawo da ruwa ya ga hannuna cikin kwano, ya ga uwarsa a ƙasa mun kasa mayar da ita gado, ya ajiye jarkar ruwan ya zauna a kan yashi.

"Ni na tara man nan," ya ce. "Da hannuna na tara shi."

"Da ba ka tara ba fa?" in ji Yumma. "Tashi ka mayar wa rakshar nan ƙafarta. Gobe ko ana ruwan wuta za mu fita."

Washegari da hantsi harbin titinmu ya ɗan lafa. Baba ya cika tanki, ragowar ya juye a butoci muka jera a ƙarƙashin kujera, muka kwantar da Habboba a kai cikin bargo, kanta a cinyar Yumma, ƙafafunta a kaina, Zahra a tsugune a tsakani. Lefena na bar shi a ɗaki yadda yake. Shekarun da Baba ya yi yana kauce wa cunkoso sun yi rana, don ya san kowane lungu na kudancin Hartum, ya bi da mu ta bayan gidaje da filayen ƙwallo da kan bola. Abin da na gani a hanya ba zan rubuta miki ba. Sau da yawa mun tsaya mun laɓe a gindin katanga har abin da ke wucewa ya wuce. An tare mu a shinge, wani ya leƙo, Habboba ta yi masa wani nishi mai tsawo da tari, ya ja baya ya ce mu wuce. Da muka yi nisa ta buɗe ido ɗaya ta tambaya ko ta iya. Ba wanda ya samu ƙarfin dariya sai Zahra.

Kin riga kin san abin da ya biyo baya, ko za ki sani: babanki ya iso mu da ƙafarsa, aka ɗaura aure a kambo ba kiɗa, yaƙin ya biyo mu Jazira muka sake gudu zuwa Gadarif, inda aka haife ki, inda kuma muka binne Habboba, a kan gadonta ta cika, ɗanta yana riƙe da hannunta. Matan dangi sun haƙa mini wani rami kafin aure, na ce ba zan zauna ba, kuma ban zauna ba har yau. In maƙwabciya ta kunna ɗalha sai in ɗauke ki mu fita. In wani ya ƙyasta ashana a bayana, cokali yana faɗuwa daga hannuna. Wannan ne kuɗin abin, kuma na biya. Amma duk lokacin da na dubi tafin nan, ina tuna mutum biyar ne suka fita ta ƙofar gidanmu a Alsahafa, ba huɗu ba.

A ranar da muka fito ɗin, rana ta yi ja lokacin da muka hau kwaltar Madani sosai, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Hannuna yana bugawa kamar zuciya ta biyu. Na fara gyangyaɗi sai na ji Baba ya taka birki. A gabanmu maza ne tsaye a tsakiyar titi, sun miƙa wani dogon farin ƙyalle daga wannan gefe zuwa wancan, suna ɗaga hannu. Na danna kan Zahra ƙasa. Na ja mayafi na rufe fuskata. Na ce a raina, mun ƙona hannu a banza, ga inda za a karɓe shi.

"La ilaha illallahu," na ji Habboba ta ce. "Ke, buɗe idonki. Rawani ne."

Rawani ne kuwa. Wani dattijo ya warware nasa, shi da wani sun riƙe bakinsa biyu sun tare hanya. Na sha jin Habboba tana ba da labarin, ban taɓa gani ba: mutanen ƙauyukan Jazira ba sa barin matafiyi ya wuce su da azumi a baki in magariba ta kusa, tare titi suke yi su sauke shi dole. A gefen hanya tabarmi ne a shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da manyan kwanoni, da motocin mutanen Hartum a jere, mata da yara zaune suna kallon ƙasa. Samari suka ɗaga Habboba da bargonta, su huɗu, a hankali, tana yi musu faɗa da Hausa kada su karya mata ɗaya ƙugun. Dattijon mai rawani ya ji ta, ya juyo da sauri.

"A'a, namu ne ashe," ya ce da Hausa, irin ta tsofaffin kambo. "Sannunku da hanya, Inna. Daga ina?"

"Daga wuta," in ji Habboba.

Kowa ya sauka, ni na kasa. Ina zaune a cikin raksha. Dattijon ya zo da kansa da kofin ruwa mai sanyi. Ya miƙo mini, na miƙa hannun hagu. Ya dubi na daman da ke naɗe da tsumma, bai tambaya ba. Aka kira salla daga masallacin ƙauyen. Ya riƙe mini gindin kofin don kada ya zube, har na sha.

"Sauko, 'yata," ya ce. "Kun fito. Nan ba mai taɓa ki."

Na sauko.